Sawu a Kan Sabon Kafet

Wajen ƙarfe tara na safe, ruwan da aka kwana ana zubawa ya koma yayyafi. Tsakar ma'aikatar duk ta zama caɓi, garin katako ya cuɗe da laka yana manne wa mutane a ƙafa. Sannu ya tsallako a hankali kamar yadda ya saba, yana bin inda ƙasa ta fi tauri, hannunsa ɗaya a aljihu yana riƙe da wani guntun katako da ya daɗe yana sassaƙawa a gida. Yana hawa barandar sabon ɗakin sai ya tsaya cak.

Takalma ne jere a bakin ƙofa. Ga manyan takalman Rediyo mai walda, bakinsu a buɗe kamar suna hamma. Ga silifas ɗin Baba Kafinta, ɗaya an ɗaure shi da waya. Ga na Anti Fenti, waɗanda fenti ya cinye har ba mai iya faɗin asalin launinsu.

"A cire, a cire!" in ji Manaja daga ciki. "Ba wanda zai shigo min da wannan taɓon kan kafet ɗin da ko kwana ɗaya bai yi ba."

Teburan 'yan makaranta ake yi a ma'aikatar, da kujerunsu. Da ana ciniki sosai, amma kwanan nan makarantu sun fara dawo da kaya, wai teburan rawa suke yi, yaro yana rubutu tebur yana gyaɗa kai. Kafintoci suka ce laifin masu walda ne. Masu walda suka ce mai zane ne bai auna daidai ba. Mai zanen kuwa shi ne Sannu, yana can wani ɗan lungu bayan ofis, shi da takardunsa, ba mai jin bakinsa. Da 'yar mai ma'aikatar ta karɓi aikin manaja, sai ta ce ta gaji da kowa yana kusurwarsa yana zargin ɗan'uwansa. Ta ce a fasa tsohon sito a mai da shi ɗakin da kowa zai zauna a yi tunani tare, daga mai goge katako har ita kanta. Ta ɗora tsara ɗakin a kan mutum uku: Rediyo, Anti Fenti, da Sannu.

Kuma ɗakin ya yi kyau, ba ƙarya. Sun fasa bango sun buɗe babbar taga. Rediyo ya ce kada a sa kujerar shugaba, don da zarar an ga kujera mai hannu kowa sai ya haɗiye maganarsa, saboda haka aka yi wani gajeren tebur mai faɗi da ragowar katakai, aka zagaye shi da matasai. Anti ta shafe bango guda da baƙin fenti, ya zama allo tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Aka yi doka: duk mai shawara ya tashi ya je bango ya zana ta da alli, ko da zanen nasa kamar na ɗan aji ɗaya ne. Aka ajiye butar shayi a kusurwa, da kwandon tarkace, notoci da wayoyi da yankakkiyar roba, don hannu ya samu abin taɓawa lokacin da kai yake aiki.

Kafet ɗin kuwa shawarar Sannu ce. Anti ma da farko ta ƙi. Ta ce, "Kafet a gidan katako? Ƙanena, wa zai share?" Shi ya dage. Ya ce siminti yana amsa kuwwa, kafet zai shanye ƙarar injuna a ji maganar juna. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba.

Ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama da kamar faɗin yatsu uku. Haka aka haife shi. Kawunsa, wanda ɗinkin takalma ne sana'arsa, shi yake yi masa takalmi tun yana yaro, ya ƙara wa na hagun kauri daga ƙasa, ya goge shi sumul ya shafe da baƙi. Da dogon wando mai saukowa har ƙasa, da tafiya a hankali, ba mai ganewa. Tafiyar ce ma ta jawo masa sunan Sannu, ya kuma karɓi sunan hannu biyu, don gara a ce masa mai sanyin jiki da a ce masa wani abin. In zai je inda ake cire takalmi, yakan zama na ƙarshen shiga, na farkon fita, takalman kuma a cikin leda. Abu ɗaya ne ya gagare shi ɓoyewa: a kan siminti, na hagun ya fi na daman nauyin sauti. Ɗaya ya ce ƙwas, ɗaya ya ce dum. Da ya tuna zai riƙa tashi yana zuwa bango a gaban kowa, cikin ɗaki shiru, sai ya ce a sa kafet.

Bai taɓa kawo ruwan sama a ransa ba. Ledar ma yau bai ɗauko ta ba.

"Sannu, sannu da tsayuwa!" Rediyo ya ɗaga murya. "Ko sai an aiko maka da mota ta shigo da kai?"

Aka yi dariya. Sannu ya zaro waya ya kara a kunne kamar an kira shi, ya ɗaga musu hannu, ya zagaya bayan ɗakin inda ake jingine falankai. Da ya ga ya riga ya kara wayar, sai ya kira matarsa da gaske.

"Lafiya, Baban 'Yan Biyu? Mantuwa ka yi?"

"Cewa aka yi a cire takalmi."

Yana jin kukan ɗaya daga cikin yaran, da ƙarar cokali a kofi.

"To, ka cire mana."

"Ba ki gane ba. Kowa yana nan. Har Rediyo."

"Ni da na aure ka da ƙafar, na haifa maka biyu, ban mutu ba. Rediyo ne zai mutu?"

"Ke komai wasa ne."

"Ba wasa nake ba. Katakon nan da ka hana mu barci da shi, ƙwas-ƙwas har yara suka haddace, a aljihu za ka dawo min da shi? Kai ka ce yau Manaja za ta zaɓi waɗanda za su yi sabon teburin. In ba ka shiga ba, lungunka za ka koma kana kwafe zanen da aka yi tun ba ka zo ba." Ta sassauta murya. "Safar da na ba ka sabuwa ce, ba huji. Shiga."

Ya kashe wayar ya daɗe yana kallon ruwa yana ɗiga daga bakin kwano. Ya dawo baranda da niyyar cirewa, har ya sunkuya. Sai ya hango yadda nasa za su zauna a jeren nan, ɗaya ƙasa, ɗaya sama kamar an ɗora shi a kan bulo, kowa ya fito ya gani. Bai san lokacin da ya miƙe ya sa ƙafa cikin ɗakin ba.

Taku biyu ya yi. Kafet ɗin ruwan toka ne mai haske. Sawu biyu suka fito a kai, jajaye, jiƙaƙƙu, kamar an buga hatimi.

"Kai!" in ji Baba Kafinta.

Manaja ta dubi sawun, ta dube shi. Ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. "Malam Sannu, ba ka ji abin da na ce ba ne?"

Kunya ta taso masa tun daga ciki har wuya, ta rasa hanyar fita, sai ta fito a faɗa.

"Ni dama ban ga amfanin kafet a wurin aiki ba," ya ce. "Nan ma'aikata ce, ba ɗakin amarya ba. Mutum ya zo aiki a ce sai ya tuɓe takalmi? Ni ba ni na kawo wannan tsarin ba. Anti ce ta nace."

Rediyo ya buɗe baki, don yana wurin ranar da aka yi gardamar, ya dubi Anti. Anti Fenti tana zaune ta miƙe ƙafafu, tana ɓanɓare busasshen fenti daga farcenta. Ta girmi Sannu nesa ba kusa ba. Ita ce ta nuna masa inda ake ajiye kofuna ranar da ya fara aiki, ita ce kuma ta kai wa matarsa kayan jarirai da aka haifi 'yan biyu. Ba ta ɗago kai ba.

"Haka ne," ta ce. "Ni ce. A yi haƙuri, Manaja, in an tashi zan goge."

Rediyo ya rufe bakinsa, abin da ba a saba gani ba.

Da ta ƙaryata shi, da ya samu abin riƙewa. Yanzu ba komai a hannunsa. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, kuma shi ya tuɓe kansa.

"Ko wa ya kawo, an riga an shimfiɗa," in ji Manaja. "A ɗakin nan ba a magana daga bakin ƙofa. Ko ka cire ka shigo, ko ka koma ofis. Ba fushi."

Ya koma baranda da baya. Ya juya musu baya ya kwance igiyoyin. Bai sa takalman a jere ba. Ya tura su can ƙarshen baranda, bayan wani tsohon bokiti, inda kwano yake yoyo, don nan ne kawai ido ba zai kai ba. Sannan ya shigo a sunkuye, kamar mai girmama manya, ya zube a kan matashin da ya fi kusa da ƙofa, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa. Sawun nan biyu suna gabansa, ko hannu ya miƙa zai taɓa su.

Aka fara. Manaja ta sa aka shigo da ɗaya daga cikin teburan da aka dawo da su, aka ajiye a tsakiya. Ta ce yau ba mai laifi, tambaya ɗaya ce: me ya sa yake rawa, kuma yaya za a yi ya daina. Da farko kowa yana kallon kofin shayinsa. Sai wani mai goge katako ya tashi ya zana tebur mai ƙafa uku, ya ce mai ƙafa uku ba ya rawa. Baba Kafinta ya ce, "Ba ya rawa, kifewa yake yi gaba ɗaya, da yaron da littafin." Aka kwashe da dariya, har mai zanen. Daga nan baki ya buɗe. Rediyo ya zana wani abu da ya ce tebur ne, Anti ta ce ita dai akuya take gani. Wani ya ce a ƙara nauyin ƙarfe. Wani ya ce a kafe teburan a ƙasa da siminti, aka tambaye shi ranar shara fa. Bango ya fara cika da farin alli. Ɗakin yana yin abin da aka gina shi don ya yi, Sannu kuwa yana zaune a ciki kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Can Anti ta tashi ta ɗauki butar shayi ta fita ƙaro ruwa. Ta wuce ta gefensa, gefen zanenta ya shafi gwiwarsa. Bai iya ɗaga ido ba. Ta ɗan jima kafin ta dawo.

"Malam Sannu," in ji Manaja, "kai ne mai zanenmu, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa alli ba."

Ya zaro guntun katakon daga aljihu ya miƙa wa na kusa da shi. "Teburan ba su da laifi," ya ce a hankali. "A nan ba sa rawa. Daɓen azuzuwan ne ba daidai ba, wani wuri tudu, wani wuri rami. In ƙafa ɗaya tana da abin da za a ƙara mata tsawo ko a rage..."

"Ba ma ji daga nan," in ji Baba Kafinta, yana kama kunne.

"Doka dai doka ce," in ji Rediyo, yana miƙo alli. "Bango, maigida."

Bangon yana can ɗaya gefen ɗakin. Sannu ya dubi tazarar. Ba ta da yawa, yaro mai rarrafe ma zai cinye ta kafin a ƙifta ido. Ya dafa tebur ya miƙe. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafar hagu, kamar yadda yake yi a gida in an yi baƙi, ya yi taku ɗaya lafiya. A na biyu kafet ɗin mai laushi ya nutse a ƙarƙashin yatsun, dunduniyar ta sauka, kafaɗarsa ta hagu ta bi ta. Ya sake gwadawa, ta sake sauka. Sai ya bari. Ya ƙarasa da ɗingishinsa, wandon yana jan ƙasa ta gefe ɗaya, kafet ɗin kuma ya yi aikinsa, ko sauti ɗaya bai fito ba. Shirun ne ma ya fi komai ƙara.

"Ƙusa ka taka ne?" Rediyo ya tambaya, kuma ba da zolaya ba.

"A'a," in ji Sannu, fuskarsa a bango. "Haka take."

Wani ya kurɓi shayi.

Ya fara zane. Shi da layinsa yake fita kamar an ja da zare, yau ƙafar teburin ta fito a karkace, allin ya karye biyu. Ya yi bayani yana haɗiye rabin kalmomin: ɗan takalmi ne za a yi wa ƙafar tebur, mai hawa-hawa, a juya shi har teburin ya zauna daram.

"Na katako zai cinye cikin wata biyu," in ji Rediyo. Ya riga ya jawo kwandon tarkace yana tonawa. "Noti za a sa. A yi walda a cikin ƙafar, a murza, ya hau ko ya sauka."

"'Yan makaranta?" in ji Baba Kafinta. "Kafin a tashi tara sun kwance shi sun tafi wasa da shi. Ni na san jikokina."

"A daddaƙe bakin yadda ba zai fita gaba ɗaya ba."

"Ƙarfe a kan siminti zai yi ƙara, malamai su tsine mana," in ji mai goge katako.

"A sa masa roba a ƙasa," in ji Anti Fenti daga inda take. "Ta tsohuwar taya. Ba ƙara, ba santsi."

Manaja ta taso ta karɓi rabin allin da ya faɗi, tana rubuta abin da kowa ya ce a gefen karkataccen zanen. Nan da nan suka taru a bangon, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana jan nasa layin a kan na wani, har ba a iya cewa ga na wane. Baba Kafinta ya dafa kafaɗar Sannu don ya leƙa da kyau, ta hagun, mai saukowar, ya bar hannunsa a wurin kamar ya samu abin jingina daidai tsayinsa. Ba wanda ya sake kallon ƙasa. Abin da ya kwashe shekaru yana tsoro ya zo ya wuce kamar yayyafin waje, ko jiƙa shi bai yi sosai ba. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne, kuma yana zaune a bayansa yana ɓanɓare fenti daga farce.

Da za a tashi Manaja ta ce, "Rediyo, Baba, Malam Sannu, bayan cin abinci ku haɗa mana guda ɗaya mu gani. Anti, robar tana wuyanki."

Ya so ya ce wani abu a lokacin, a gaban kowa, tunda a gaban kowa ya yi ɓarnar. Ya shirya maganar a bakinsa: kafet ɗin nan ni na kawo shi. Amma mutane sun riga sun miƙe, ana ta hayaniyar neman takalma, Rediyo yana rantsuwa wani ya taka masa nasa. Maganar ta narke. Ya tsaya yana tattara gutsattsarin alli har ɗakin ya zama ba kowa, sai shi da sawunsa biyu da suka fara bushewa.

Da ya fito, yayyafin ya ɗauke. Ya ɗingisa zuwa ƙarshen baranda. Bokitin ya cika da ruwan yoyo har ya tumbatsa, wurin duk ya jiƙe, takalman kuwa ba sa nan. Ya waiga.

Suna can jikin bango, kusa da ƙofa, inda ruwa ba ya kaiwa, a ƙarƙashin wani ɗan benci da ba ya wurin da safe. An rufe su da tsumma mai ɗigon fenti kala-kala. Ya ɗaga tsumman. An kankare lakar tas. An cusa tsohuwar jarida a cikin kowanne don ta tsotse damshi. Na hagun ne a ciki, ta jikin bango, na daman ya tare shi.

Ya zauna a kan bencin ya sa su. Ya daɗe yana ɗaure igiyar.

Anti Fenti tana can ƙarƙashin rumfarta, a tsugune, ta baje wata tsohuwar taya tana zana ƙananan da'irori a jiki da farin fenti. A gefenta ga bokitin ruwan sabulu da buroshi, ta tanada don kafet. Ya tsallaka caɓin ya je ya tsaya a kanta. Ya buɗe baki. A daidai lokacin aka tayar da injin yanka katako, ƙararsa ta cika ma'aikatar.

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi inuwarsa da ta faɗo a kan tayar.

"Matsa, ƙanena," ta ce da ƙarfi don ya ji. "Kana tare min haske."

Ya matsa. Ya tsaya jim kaɗan, hannuwansa a sake. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bokitin sabulun da buroshin, ya nufi ɗakin. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da zana da'irorinta.